A Auna Ƙasar da Ta Rage a Kan Bututun Mai Kafin Tarakta Ta Shiga Gona

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mu ja hankalin hukumomi da manoma kan wani haɗari da ke kwance a ƙarƙashin gonaki, tun kafin a fara kaftu da huɗar bana.

Duk lokacin da aka yi maganar bututun mai a ƙasar nan, hankali kan tafi ga masu fasa shi su saci mai. Wannan matsala ce ta gaske, amma ta rufe wata. Akwai manomin da bai taɓa tunanin satar ko da lita ɗaya ba, ya ɗauko hayar tarakta ko katafila don gyara gonarsa ta gado, alhali bututu na kwance ƙarƙashin kunyoyinsa a zurfin da shi bai sani ba, mai tuƙin taraktar ma bai sani ba. Irin waɗannan gonaki suna da yawa a Arewa. Bututun ɗanyen mai ya taso daga Warri zuwa matatar Kaduna wadda aka buɗe a 1980, daga Kaduna kuma bututun tataccen mai ya bi ta Zariya zuwa Kano da Gusau, wani ya nufi Jos da Gombe har Maiduguri. Ga kuma sabon bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614 da faɗin inci 40, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020. A Nijar ma bututun da ya taso daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin ya ratsa ƙasar noma ta Zinder da Maraɗi da Dosso. Waɗannan layuka ba daji kaɗai suka ratsa ba, sun ratsa gonakin mutane da yawa.

Ƙa'idojin bututun mai da gas na Najeriya na 1995 sun faɗi mafi ƙarancin ƙasar da za ta rufe bututu: santimita 90 a tudu, mita 1 a inda ya ƙetare kogi, mita 1.2 a ƙarƙashin titi da layin dogo da magudanar ruwa. Ana auna wannan ne daga saman bututun zuwa doron ƙasa, ba daga gindin ramin ba. Ƙa'idar injiniyoyin Amurka mai lamba B31.4, wadda kamfanonin mai da yawa ke gini da ita, ta ƙara da cewa a gonar da ake yi wa noma mai zurfi a binne shi mita 1.2. Waɗannan lambobi suna da kyau, sai dai suna maganar ranar da aka binne bututun ne. Abin da ke kare ran manomi shi ne ƙasar da ta rage a kansa yau, kuma tsofaffin layukanmu sun haura shekara 40 a ƙasa.

Ƙasar da ke kan bututu ba ta zama yadda aka bar ta. Ramin da aka haƙa aka mayar wa ƙasa bai kai ƙasar gefensa tauri ba, don haka ruwan sama kan zaɓi bin sa, musamman a gangare. Da farko ɗan zirin kwari ne, bayan damina biyar ko goma ya zama kwazazzabo, kuma yana bin layin bututun daidai. A ƙasar rairayi ta can arewa iska ce ke kwashe saman ƙasa da rani bayan an kwashe kara an bar gona tsirara. Mutane ma suna ragewa da hannunsu ba tare da sun lura ba: a ɗebi jar ƙasa don buga bulo, tifa ta zo ta kwashi yashi a rafi, a sa gireda ta daidaita fili don noman shinkafa ta sheme tudu ta cike kwari da shi. A fadama akwai wani abu dabam. Bututun da ba a cike yake da mai ba yana iya fin taɓon da ke kewaye da shi rashin nauyi, idan ƙasa ta jiƙe sharkaf sai ya riƙa tasowa sama a hankali, in dai ba a ɗaure shi da nauyin kankare ba tun farko. A bakin rafi kuma gaɓa ce ke zaizayewa, rafin ya sauya hanya, sai a wayi gari bututun na rataye a fili.

A yi lissafi mai sauƙi. Gonar da ke asarar santimita ɗaya kacal na ƙasa a shekara, a shekara 40 ta rasa santimita 40. Daga 90 an koma 50. Idan an yi huɗa, kwarin kunya ya sauka da wani santimita 15 zuwa 20 ƙasa da asalin doron gonar, don an ɗebi ƙasarsa an tara a kan kunyar. A wannan kwarin, abin da ya rage tsakanin iska da ƙarfen bututun bai wuce kamu ɗaya ba.

Sai a dubi kayan aikin. Fartanya da garmar hannu ba sa wuce santimita 15. Garmar shanu takan shiga 15 zuwa 20. Garmar faifai ta tarakta takan kai 25 zuwa 30, ta fi haka idan ƙasa ta yi laushi kuma mai tuƙi ya sake ta. Ƙarfen fasa ƙasa mai haƙora, wanda ake ja don karya dandarin da ke ƙasan gona, yana shiga santimita 45 zuwa 60. Haƙoran bayan katafila sun fi haka, bokitin injin haƙa kuwa zai ɗebi fiye da rabin mita a cizo ɗaya. Rijiyar burtsatse ta noman rani, da ramin turken shinge, da kududdufin kifi, da masai, duk suna iya kaiwa zurfin da bututu yake. Lokacin da aka binne tsofaffin layukan nan, fartanya da shanu ne ke noma yawancin waɗannan gonaki. Yau gwamnatoci na raba taraktoci, ana buɗe filayen noman rani, kayan aiki na ƙara nitsewa ƙasa a daidai lokacin da ƙasar da ke kan bututun ke raguwa.

Abin da muka fi so a fahimta shi ne abin da ke faruwa idan ƙarfe ya taɓa bututu amma bai huda shi ba, domin nan ne mutane suka fi yin kuskure. Bututun mai ƙarfe ne mai kauri kamar milimita 6 zuwa 12, an lulluɓe shi da rufi na kwalta ko roba don kada danshin ƙasa ya taɓa shi. Bayan wannan rufi akwai kariya ta biyu, wato 'yar ƙaramar wutar lantarki da ake bi da ita ta jikin bututun don hana tsatsa. 'Yan sandunan nan masu ƙaramin akwati da waya a ciki da ake gani a kan layi, na auna wannan wutar ne. Idan haƙorin garma ya karce rufin, ƙarfen ya fito tsirara a wuri ɗaya. Idan a wannan yanki an sace wayoyin ko na'urar ba ta aiki, tsatsa za ta taru a wannan ɗan wurin ta ci shi da sauri fiye da yadda za ta ci faffaɗan wuri. Mafi muni shi ne a sami loɓawa tare da karcewa a wuri guda. Man da ke ciki yana tafiya da matsin da zai iya ninka na iskar tayar mota sau 20 zuwa 40. Duk lokacin da aka kunna famfo aka kashe, loɓaɓɓen wurin yana ɗan buɗewa ya koma, tsagar da ke cikin karcewar tana ƙara tsawo. Bututun zai iya jure mako ɗaya ko shekara biyu, sannan ya fashe ranar da babu wanda ke haƙa komai, wataƙila ranar da yara ke roron gyaɗa a wurin.

Shi ya sa mai tuƙin da ya ji garmarsa ta bugi ƙarfe, ya sauko ya duba ya ga babu yoyo, ya mayar da ƙasa ya yi shiru, ya bar wa masu gonar bala'i ne a binne. Mun san dalilin shirun nasa: tsoron kada a kira shi mai fasa bututu a kulle shi, ko a ƙwace taraktar. Muna ganin wajibi ne hukuma ta rubuta a fili cewa wanda ya taɓa bututu bisa kuskure a wajen noma, ya kuma kai rahoto a ranar, ba za a tuhume shi da ɓarna ba. Gyaran karcewar da aka sani aiki ne na kwana ɗaya ko biyu: a rage matsi, a tone da hannu, a auna zurfin raunin, a goge shi ko a ɗaura masa rigar ƙarfe, a sabunta rufin. Wadda aka ɓoye kuwa sai dai a gan ta bayan ta fashe.

Ba mu rasa misali a gida ba. A watan Mayun 2008, a Ijegun da ke Legas, katafilar masu aikin titi ta bugi bututun mai da ke binne, wuta ta tashi ta ci gidaje ta kai har kusa da makaranta, mutane da yawa suka mutu. Babu ɓarawo a wannan labari. Injin haƙa ne da bututun da masu aikin ba su kiyaye inda yake ba.

Kan alamomin layi ma akwai gyara. Mutane na ɗauka cewa bututun na ƙarƙashin turken alama daidai, kuma yana tafiya miƙe daga wannan turke zuwa na gaba. Ba haka ba ne. Turken na nuna cewa akwai bututu a kusa, bai faɗi zurfinsa ba, bututun kuma yana iya lanƙwasa tsakanin turke biyu don kauce wa dutse ko rafi. Sau da yawa layi ɗaya na ɗauke da bututu biyu ko bututu da waya a gefensa. Wasu turakun ma an tumɓuke su an mayar da su bakin iyakar gona don kada su tare wa shanu hanya. Wanda ya dogara da turke kaɗai ya haƙa mita biyu daga gefensa yana iya sauka a kan bututun kai tsaye.

Hanyar da ta dace ita ce wannan. Kafin duk wani aiki da ya wuce noman yau da kullum a kusa da layi, a sanar da mai bututun kwanaki kaɗan kafin ranar aiki. Ma'aikacinsa ya zo da na'urar gano bututu, wadda ke aika sigina ta jikin ƙarfen ta kuma karɓe shi daga sama, ya kafa 'yan turaku a kan tsakiyar bututun kowane mita 5 zuwa 10. Zurfin da na'urar ke nunawa ƙiyasi ne, yana iya kaucewa idan akwai wani ƙarfe a kusa, don haka sai an tabbatar da shi ta tone ƙaramin rami da shebur har a ga saman bututun da ido. Ba a amfani da diga ko ƙarfen haƙa mai tsini a wannan rami, kuma ana haƙa shi ne daga gefe a nufo bututun. Kada inji ya matso ƙasa da mita ɗaya daga bututun, kuma wakilin kamfanin ya tsaya a wurin har a gama a mayar da ƙasa. Ƙasar da za a mayar a jikin bututun ta zama mai laushi, babu duwatsu, domin dutse ɗaya mai kaifi da aka danne a jikin rufin zai yi aikin da haƙorin garma ke yi.

Wasu ƙasashe sun mai da wannan doka mai lamba da kowane manomi zai iya riƙewa a ka. A Kanada, a cikin mita 30 daga tsakiyar bututun da gwamnatin tarayya ke kula da shi, manomi na da 'yancin noman da bai kai zurfin santimita 45 ba ba tare da neman izini ba, amma duk wani haƙa da ya kai santimita 30, ko noman da ya kai 45, sai da rubutaccen izinin kamfanin. A Amurka lamba ɗaya ce, 811, ake kira kafin a haƙa, kuma zuwan masu sa alama kyauta ne ga mai haƙar. Ba muna cewa a kwafo lambobinsu ido rufe ba. Santimita 45 ba ta da haɗari ne kawai inda aka tabbatar ƙasar da ke kan bututun ta haura haka sosai. A gonar da ƙasar da ta rage a kan bututun santimita 50 ce kacal, wannan iyaka ba ta kare kowa ba. Don haka awon zurfi shi ne farko, iyakar noma ta biyo baya, gona bayan gona.

Nauyi ma yana ɓata bututu ko ba a haƙa komai ba. Tifa cike da yashi ko babbar mota cike da buhunan masara da ta bi ta kan layi da damina, tayoyinta na nitsewa su bar rami mai zurfin santimita 20 ko 30, nauyin kuma ya sauka kan bututun ba tare da isasshiyar ƙasar da za ta rarraba shi ba. A ware wuri ɗaya na ƙetarewa, a ƙara masa ƙasa ko a shimfiɗa falankin kankare, a ƙetare shi a gicciye, kada a bi layin a tsaye kamar hanya. Hatsi da wake da gyaɗa da kayan lambu ba su da illa a kan layi. Mangwaro da darbejiya da turare kuwa saiwoyinsu na bin danshin ramin su naɗe bututun su ɓamɓare rufinsa, kuma inuwarsu na hana masu sintiri ganin layin. Kada a tara kara a ƙona a kan layi, kada a gina rumbu ko ɗaki, kada a haƙa rijiya a gefensa.

Idan awo ya nuna ƙasa ta ragu, gyara uku ne. Mafi sauƙi a kawo ƙasa a ƙara, a danne ta, a tare ruwan da ke kwashe ta da jerin duwatsu ko ciyawar jema a gicciyen gangaren, in ba haka ba damina biyu za ta mayar da aikin baya. Na biyu a shimfiɗa falankin kankare mai rodi a sama, wanda ya fi bututun faɗi ta kowane gefe, a bar ƙasa mai laushi tsakaninsa da bututun, a ɗora kyallen gargaɗi mai launi a samansa don mai haƙa ya fara cin karo da shi. Na uku, mafi tsada, a sauke bututun ƙasa: a rage matsi, a tone dogon zango, a riƙa sauke shi kaɗan kaɗan yadda ba zai lanƙwashe a wuri ɗaya ba. Tsohon bututu mai tsofaffin walda ba ya son wannan motsi, wani lokaci sai dai a yanke zangon a sa sabo. Duk cikin ukun babu wanda ya kamata kuɗinsa ya hau kan manomi. Idan kuma aka hana shi noma wani ziri na gonarsa har a gama gyara, ko aka tattake masa shuka, Dokar Bututun Mai ta 1956 ta tanadi diyya ga wanda aikin mai lasisi ya cutar da ƙasarsa, in ba a daidaita ba kotu ta yanke. Manomin da ya san za a biya shi zai nuna wurin da bututu ya fito fili da kansa.

Game da yoyo, alamominsa a gona su ne zirin shuka da ya yi rawaya ko ya bushe a tsakiyar lafiyayyar gona, warin fetur ko kananzir, maiƙo mai launuka a kan ruwan kwari, ƙasa mai jiƙa da rani a inda babu ruwa, kumfa na tasowa a kududdufi, ko ƙarar huci daga ƙasa. Wanda ya ga haka, ko ya huda bututu da inji, ya bar injin a inda yake ya sauka da ƙafa. Kada ya sake tayar da shi don ya janye shi, tartsatsin kunnawa kaɗai ya isa. Ya tafi ta inda iska ke fitowa, ya hau tudu, domin tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin kwari da magudanar ruwa ya yi nisa, kuma kashi ɗaya da rabi cikin ɗari na shi a cikin iska ya isa ya kama wuta. Kada a kunna babur ko injin ban ruwa, kada a kunna ashana, a bari sai an yi nisa kafin a yi waya. Gas na bututun Ajaokuta ya fi iska rashin nauyi, sama yake tashi, amma matsinsa da zafin wutarsa sun sa nisan da ake buƙata ya kai ɗaruruwan mitoci. Kada kowa ya yi ƙoƙarin toshe hudar da itace ko tsumma, ko ya rufe ta da ƙasa. A sanar da mai unguwa don ya tare mutane, a kira lambar da ke jikin turken ko 112. Babban aikin mai unguwa a wannan sa'a shi ne hana masu zuwa da jarka da bokiti, domin haka aka rasa sama da mutum dubu a Jesse ta jihar Delta a watan Oktoban 1998. Bayan an tsayar da yoyon, a daina shan ruwan rijiyoyin da ke kusa har sai an gwada su, kuma mai gona ya nace a sa shi cikin ziyarar binciken haɗin gwiwa da hukumar NOSDRA mai kula da malalar mai ke jagoranta, don a gabansa ake rubuta musabbabin yoyon da faɗin wurin da ya ɓaci, kuma a kan wannan takarda maganar diyya ke tsayawa.

Kada kuma a ruɗu da cewa an daɗe ba a tura mai ta wani layin ba. Bututun da aka dakatar ba fanko ba ne. Mai na kwanciya a wuraren da layin ya yi kwari, sauran cikinsa kuma tururi ne gauraye da iska, wanda tartsatsin haƙorin garma ko na mai yanka ƙarfe zai iya tayarwa. Kuma ranar da za a sake tura mai, duk raunin da aka yi masa a shekarun da yake kwance zai fuskanci cikakken matsi a lokaci guda.

Roƙonmu ga hukumar NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta ɗora wa kula da irin waɗannan layuka, shi ne ta wajabta wa kowane mai bututu ya auna ƙasar da ta rage a kan layinsa a duk gonar da ya ratsa, ya maimaita awon a kan kari, ya kuma sake duba gangare da bakin rafi da fadama bayan kowace damina. Sakamakon kada ya tsaya a ofis. A ba dagaci da malamin gona na yankin kwafi, a gaya wa kowane mai gona da Hausa ko harshen garinsa zurfin bututun a gonarsa da irin garmar da za ta iya shiga. A sa lamba ɗaya ta kyauta da za a kira kafin haƙa, a rubuta ta a jikin kowane turke, a kuma tabbatar akwai mai ɗauka. Ma'aikatun gona na jihohi da masu ba da hayar tarakta su koya wa direbobinsu tambaya ɗaya kafin su sauke garma a baƙuwar gona: akwai layin bututu a nan? Sannan kada a sake tura mai ta kowane tsohon layi sai an gama awon zurfinsa an gyara wuraren da suka fito sama.

Mun gode da filin da ka ba mu. Wassalam.

Naka,
Wasu injiniyoyin bututun mai da malaman gona,
Kaduna.